Furofesa Zaidu da Zaren Bakin Kwalba

Duk wanda ya taɓa shiga labo, wato ɗakin gwajin kimiyya, na kolejin da ke bayan unguwar Didaoure a Sokode ya ga wani abu a saman kabad, an lulluɓe shi da 'yar riga ta atamfa mai ruwan ganye. Baƙo in ya gani sai ya sassauta murya, ya ɗauka wata na'ura ce mai tsada. Gwangwanin madara ne. Madam Fulera ce ta ɗinka rigar don mikroskof ɗin makarantar, na'urar nan da ake leƙa ƙananan halittu da ita, kuma sati biyu da gama ɗinkin, rufin ɗakin ya yi yoyo a kan mikroskof ɗin ya gama da shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ta ƙi jefar da rigar, ta cusa mata gwangwani don kada ta lotse, kuma duk ranar Litinin sai ta sauko da ita ta kakkaɓe.

Fulera ita ce ma'aikaciyar labo. Ita ke wanke kwalabe, ita ke haɗa abin da malamai za su gwada, ita ke share ɓarnar da suka bari. Saura shekara guda ta ajiye aiki, kuma abu ɗaya ne ke cin ta a rai. Ɗaruruwan yara sun wuce ta hannunta, sun zana ƙwayoyin fatar albasa a littafi, sun ci jarrabawa da su, babu ko ɗaya da ya taɓa ganin su da idonsa. So take kafin ta miƙa makulli ta ga yaro ya sa ido ya ce, "Kai!"

Ana nan sai ga takarda daga Amikal. Ƙungiyar malaman kimiyya da ma'aikatan labo ce ta arewacin ƙasar. Sunanta na takarda dogo ne, shi ya sa kowa Amikal yake ce mata. Taron bana a Dapaong za a yi. Kowace makaranta ta turo mutum biyu, malami da ma'aikacin labo, su nuna gwajin da suka haɗa da abin da ke hannu, na kasuwa ko na madafa, cikin minti goma sha biyar. Makarantar da ta zo ta ɗaya za ta koma gida da sabon mikroskof.

Fulera ta karanta takardar sau uku a tsaye. Gwaji kam tana da shi, ta shekara tana yi wa yara. Kwalabe huɗu ne kawai. Ɗaya ruwan zoɓo ne, wato bisap, mai kauri, ba sukari ba komai. Sauran ukun farare ne tas, ido ba ya raba su: ruwan kanwa da ta tace, da binega, da ruwan sama zalla. In aka ɗiga kanwa a zoɓo sai ya koma kore, in aka ɗiga binega sai ya ƙara ja ya yi haske, ruwan sama kuwa ba ya yi masa komai. Ba ta rubuta wa kwalabenta suna, don takarda jiƙewa take. Zare take ɗaurawa a wuyan kowace, kuma launin zaren shi ne launin da zoɓon zai koma. Kore na kanwa, ja na binega, fari na ruwa. Yaron da bai iya karatu ba ma ya gane.

Matsalar ɗaya ce, ita ce mutum na biyun.

Misye Zaidu shi ne malamin fizik da shimi, wato kemistri. A ƙasar nan duk malamin koleji "furof" ake ce masa a taƙaice, amma shi ya ƙi a taƙaice shi. Furofesa ne cikakke, har a bayan babur ɗinsa an rubuta. Ba mugu ba ne, wannan dai a faɗa masa gaskiyarsa. Bakinsa ne kawai yake riga kansa isa ko'ina. A ɗakin malamai ya sha jan fatar idonsa yana cewa, "Ku duba, na dama ya fi na hagu ƙanƙanta. Mikroskof ne ya cinye shi a Lome."

Da ya ji zancen taron sai ya buga tebur. "Wala! Lokaci ya yi. Mu ci gasa, washegari su zaɓe ni shugaban Amikal. Madam Labo, ke dai ki riƙa miƙo mini kaya, magana tawa ce."

"Misye Zaidu, ka zo mu gwada ko sau ɗaya."

"Furofesa. Ni zan gwada zoɓo? Ni da na karanta shi da Latin?"

Bai zo ba. Sauran makarantu sun tafi tun ranar Juma'a, su kuwa sai Asabar da safe, ranar gasar kanta, don tela bai gama ɗinka masa farar rigar labo ba. Rigar ta iso har gwiwa, fara ƙal, an yi mata aikin zare a ƙirji: Furofesa Zaidu. Da ita ya zo tashar mota, ya yi wanka da turare har ƙudaje suna kauce masa, rungume da kwalin kwalaben da ya karɓa jiya ya ce zai "gyara musu fuska".

Fulera ta ɗaga murfin kwalin. Babu zare ko ɗaya. Kowace kwalba an naɗe ta tun daga wuya har gindi da takarda mai rubutun Faransanci, an ɗaure murafen da sikoc, wato salatif, kamar za a aika su ƙetare. Ɗaya an rubuta BASE, wai ita ce ta kanwa. Ɗaya an ce ruwa ne zalla. Ta ukun an rubuta ACIDE, DANGER, wato asid mai haɗari, har da zanen ƙoƙon kai da ƙasusuwa.

"Ina zarena?"

"Na yanke. Taron masana za mu, ba wajen mai magani ba. A ga zare ja da kore a kwalba a ce layu muka kawo?"

"To. Da ka yanke, ka rubuta sunan kowace tukuna, ko sai da ka gama yankewa duka?"

Zaidu ya ɗan dubi sama. Wannan ɗan duban ya ishe ta amsa.

"Madam, masani ba ya bukatar zare. Da ido na gane su."

"Ba ni minti ɗaya, in ɗiga zoɓo in raba su."

"A ɓata sikoc ɗina? Fuseini, ɗora wannan a sama!"

Fuseini direba, ɗan ƙabilar Tem mai Hausar tasha, ya karɓi kwalin ya ce, "Madam ya ce a jira."

"Madam ba ita ce shugabar tawaga ba."

Kwalin ya hau saman bas tsakanin buhun doya da keken ɗinki. Kwalbar zoɓo kaɗai Zaidu ya riƙe a cinyarsa a kujerar gaba, wai ita ce ruhin gwajin. Fulera ta shiga baya ta matsu kusa da wata dattijuwa, Hajiya Awa, mai fataucin goro. Ta laluba jakarta ta ji ƙullin zarenta uku suna nan inda suke kullum, ta ɗan sami sanyi. In sun isa da wuri, minti ɗaya ya ishe ta.

Ba su bar Sokode ba Hajiya Awa ta taɓa kafaɗar farar riga. "Dokta, gwiwar nan tawa in gari ya yi sanyi..."

"Hajiya, ni ba likita ba ne. Na fi likita. Ni nake koyar da wanda zai zama likita."

"To ka gaya wa ɗalibin naka gwiwata tana ciwo."

Motar ta kwashe da dariya, shi kuwa ya ɗauka tafi ake yi masa. Daga nan har Kara bai rufe baki ba. Ya gaya musu yadda aka yi duwatsun Bafilo, ya gyara wa Fuseini yadda ake sa giya a hawa, ya kuma sanar da kowa cewa a saman motar nan akwai asid ɗin da ɗigonsa ɗaya zai huda rufin ya fito ta ƙasa. Wanda ke zaune daidai ƙarƙashin kwalin ya nemi a canza masa wuri.

Bayan Kante suka tarar da shingen bincike. Wani jandarma ya sa aka sauke kaya, ya buɗe kwalin, ya ci karo da ƙoƙon kai.

"Na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Zaidu, ya gyara wuyan riga. "Ka yi hankali, shef. Wannan in ya taɓa bindigarka, sai dai ka koma gida da maɗaurinta."

Fulera ta rufe ido. Jandarman ya ja da baya, ya kira na biyu, na biyu ya kira babbansu. Aka ce motar ta faka gefe. Awa ɗaya da rabi suna ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa ana tambayar takardar izinin ɗaukar guba a motar haya, fasinjoji suna aika wa Furofesa kallon da ba ya bukatar fassara. Daga ƙarshe Fulera ta matsa gaban babban ta rusuna.

"Shef, pardon. Kayan miya ne. Kanwa ce da binega da ruwan sama da zoɓo. Ni na haɗa su da hannuna."

"Shi ya ce zai narkar da ƙarfe."

"Magana ce ta malamai."

Babban ya dubi Zaidu sama da ƙasa. "Bon. In kayan miya ne, sha ɗaya mu gani."

Hannun Zaidu ya tafi wajen kwalbar da ya rubuta wa ruwa zalla. Ya kusa taɓa ta sai ya tsaya, ya yi ɗan shawagi a iska, ya komo kan jar kwalbar da ke hammatarsa. Fulera ta gani, ta ce a ranta, ashe idon masani ma yana da shakka.

"Misye, kurɓi ɗaya kawai, shi ke nan gare mu!"

Ina, mutane suna kallo. Ya ɗaga kwalbar ya kafa kai kamar mai tallan lemo. Zoɓon Fulera kuwa ba na sha ba ne, tsaminsa sai ya ƙulle wa mutum muƙamuƙi. A kurɓi na biyar ya isa inda za shi. Furofesa ya ƙware, ya yi tari, kwalbar ta kufce, ja ya kwararo daga haɓarsa ya bi ƙirji, ya rufe sunan da tela ya wahala a kai, ya gangara har aljihu. Da Fulera ta fizge kwalbar, abin da ya rage bai fi kofin shayi ba.

Jandarmomin suka yi dariya har da riƙe ciki, suka ce a tafi.

"Zai isa," Fulera ta ce wa kanta, tana duban ragowar. "In an yi tattali zai isa." Ta so ta riƙe a jakarta, Zaidu ya ce mutuncin tawaga bai yarda ba.

A Mango aka tsaya sallar azahar. Kafin Zaidu ya sauko da ƙafa biyu wani mutum da kwano a hannu ya tare shi, ya dubi farar riga mai jan ƙirji, ya ce, "Sarkin fawa, akwai sauran hanta?"

"Ni Furofesa ne!"

"To Furofesa, ko tumbi ne a ba ni."

Fulera ta bar su ta tafi alwala. Da ta idar ta dawo sai ta tarar da shi yana murmushi, kwalbar zoɓo cike taf har wuya, ja jawur, tana raɓa don sanyi.

"Na warware matsalar, Madam Labo. Ga wata can da kular ƙanƙara, na saye leda shida na juye. Kin ga launi? Ya fi naki kyau."

Ta karɓa ta shinshina. Ƙamshin alawa ya doki hancinta. Ba zoɓo ba ne, jan siro ne na garin kala da sukari, irin wanda yara ke tsotsa a leda.

"Ina ragowar nawa?"

"Wancan ai ya lalace, ni na sha na ji. Na zubar."

Ta dubi inda ya nuna. Ƙasa ta riga ta shanye, sai ɗan duhu a gindin taya. Fulera ba mai kuka ba ce, amma a wannan lokaci sai da ta juya baya ta gyara ɗankwali. Shekara goma sha ɗaya tana kakkaɓe gwangwani, ga abin ya zo har bakin hannu, mutum ɗaya ya zubar da shi a tashar Mango. Ta ce a ba ta minti goma ta shiga kasuwa ta nemo busasshen zoɓo. Fuseini ya nuna agogo, ya nuna fasinjojin da suka riga suka yi awa ɗaya da rabi a gindin ɗorawa, ya ce, "Maman, in na ƙara tsayawa za su cinye ni." Hajiya Awa ta ɓare goro ta miƙa mata rabi.

Ƙarfe huɗu saura suka shiga Dapaong. Babura biyu suka kai su zauren taron, inda suka tarar makarantu goma sha ɗaya sun gama, ana shirin tashi. Wasu sun kunna ƙwan fitila da lemun tsami, wasu sun tace ruwan kwata da gawayi da yashi. Shugabar Amikal, Madam Nafissatou, wata doguwa mai gilashi a kan hanci wadda ta yi shekara ashirin tana aikin labo kafin ta zama malama, ta dubi agogo ta ce, "Sokode, kun zo a ƙurarren lokaci. Ku hau yanzu ko ku haƙura."

Babu minti ɗayan da Fulera ta roƙa tun safe. Ta jera kofunan gilashi uku a tebur. Zaidu ya rataya katin taro a wuya don ya rufe jan ƙirjinsa, katin ya rufe abin da bai fi tafin hannu ba.

Ya karɓi makirufo. Ya gai da shugaba, ya gai da alƙalai, ya gai da kujeru. Ya ba da tarihin karatunsa a Lome, ya ja fatar idonsa na dama ya nuna wa zaure. Sannan ya shiga dokokin labo, ya ɗaga yatsa ya ce doka ta farko, wadda duk jahili ya kamata ya sani, ita ce ba a kai komai baki. Daga bayan zaure wani ya ce, "Abin da ke rigarka fa, ta kunne ya shiga?" Minti goma sha ɗaya suka tafi a haka.

"Saura huɗu," in ji Madam Nafissatou.

"Sun yi yawa. Madam Labo, zuba."

Ta zuba jan siro a kofuna uku. Zaidu ya ɓare sikoc ɗin kwalbar da ya rubuta wa BASE. Warin binega ya bugi Fulera nan take, shi kuwa turare ya toshe masa hanci.

"Jama'a, ku zuba ido. Ja zai koma kore!"

Ya ɗiga. Ja ya tsaya ja. Ya ƙara. Ya tuttula rabin kwalbar, ya girgiza kofin, ya ɗaga shi wajen taga. Ja dai, sai ɗan fari-fari da ya yi.

"Zafin Dapaong ne," ya ce. "A Sokode yana yi."

"A Sokode ma ja sunansa ja!" wani ya amsa.

Ya ɗauko mai ƙoƙon kai, ya ce na gaba su ja baya, ya miƙa hannu nesa da jiki ya ɗiga a kofi na biyu yana kau da fuska. Ruwan sama ya sauka cikin siro lafiya lau. Zauren ya fara ɗaukar guna-guni, ana danne dariya tana fitowa ta hanci. Gumi ya karyo wa Furofesa, maƙogwaronsa ya bushe, muryar da ta yi aiki tun Sokode ta shige. Ya waiwaya neman abin jiƙa wuya, idonsa ya faɗa kan kwalba ta uku. Tun safe yake cewa da ido ya gane su, har shi ma ya yarda. An rubuta ruwa zalla, kuma da hannunsa ya rubuta.

Da ya ɗaga ta Fulera ta hango farin laka kwance a gindinta.

"Misye, kada ka..."

Ya riga ya cika baki.

Wanda bai taɓa kurɓar ruwan kanwa mai kauri ba, kada ya nema. Idanun Zaidu suka fito, na daman ma ya kamo na hagun. Kumatunsa suka kumbura, ya nemi inda zai tofar bai samu ba, alƙalai a gaba, shugaba a gefe, sai ya sunkuyar da kai ya fesar a ƙirjinsa. Sauran na kwalbar ya bi hannunsa ya kwarara a rigar.

 Daga ƙarƙashin katin taro wani abu ya fara yaɗuwa. Jan da ya bushe tun Kante ya yi duhu, ya yi shuɗi-shuɗi, sannan a gaban mutum ɗari biyu ya rikiɗe ya koma kore shar, tun daga sunan Furofesa har cibiya.

"Ya yi! Ya yi kore!"

Dariya ta ɓarke, wasu har sun hau kujera. Zaidu ya juya zai gudu, Fulera ta cafke hannun rigarsa. Ita ba dariya take ba. Ta gane abin da ba wanda ya gane tukuna: duk Dapaong, zoɓonta na gaskiya a jikin mutumin nan kaɗai ya rage.

"Tsaya cak, Furofesa. Buɗe hannuwa."

Karo na farko ke nan da ta kira shi da sunan, kuma karo na farko da ya yi abin da ta ce. Ta karɓi makirufo. Ba ta taɓa magana a gaban taro ba, muryarta ta ɗan karye a farko, sannan ta zauna.

"Wannan jan na rigar zoɓo ne. Wanda ke kofi kala ce ta kanti, shi ya sa ba ta ji komai ba. Zoɓo shi yake ji. Wannan da ya sha kanwa ce, kun ga abin da ta yi." Ta zaro koren zare daga jaka ta ɗaura a wuyan kwalbar. Ta ɗauki mai ƙoƙon kai ta zuba a kan jan da ya rage wajen aljihu. Bai canza ba. "Wannan da aka tsare mu awa ɗaya da rabi a kanta, ruwan sama ne." Ta ɗaura farin zare. Sannan ta ɗauki ta ukun, ta tsiyaya a tsakiyar koren da ke tumbin Furofesa. Inda binegar ta bi, wani jan layi mai haske ya tsaga koren ya gangara ƙasa.

Zauren ya ce, "Kai!" baki ɗaya, manya da furfurarsu.

"Launin zare shi ne launin da zoɓo zai koma," ta ce tana ɗaura jan. "In takarda ta jiƙe ko ta yi ƙarya, zare yana nan. Kuma duk uwar da ke son ta san ko bisap aka sayar wa ɗanta ko kala, ɗan guntun kanwa ya ishe ta."

"Lokaci ya cika," in ji Madam Nafissatou. Ta cire gilashi tana share hawayen dariya. "Misye Zaidu, wace ce dokar farko ta labo?"

Ya buɗe baki, ɗacin kanwa ya hana shi. Zauren ya amsa masa.

Alƙalai ba su daɗe ba. Suka ce gwaji ne da kowace makarantar ƙauye za ta iya yi gobe da safe, kuma ba su taɓa ganin darasin da zai zauna a kai kamar wannan ba. Aka kira sunan Fulera ita kaɗai ta hau ta karɓi akwatin. Zancen zaɓen Zaidu shugaba bai taso ba, sai dai Amikal ta roƙi rigarsa don a riƙa nuna wa sababbin malamai. Ya ba da ita da sharaɗin a juya sunan ciki. A hanyar dawowa Fuseini ya tsaya wa Zaidu sau huɗu tsakanin Dapaong da Kara, don kanwa ba ta shiga ciki ta zauna banza, kuma ko sau ɗaya Furofesa bai gyara wa kowa sa giya ba.

Kafin ranar Litinin bakin ya warke. A ɗakin malamai labarin ya zama cewa shi ya tsara komai tun daga Sokode, ya sadaukar da rigarsa saboda ilimi. Fulera ta ji ta taga. Tana labo, ta sauke gwangwanin madara, ta zare masa rigar, ta sa wa sabon mikroskof. Ta zauna masa daidai kamar jiya aka auna. Ba ta gama shafa ta ba ta ji hayaniya, 'yan aji huɗu sun yi layi tun daga ƙofa har gindin mangwaro. Ta sake cire rigar, ta ɓare fatar albasa siririya ta ɗora a gilashi. Yarinyar farko ta sa ido, ta ce, "Kai! Maman Labo, ɗakuna ne a ciki!" Fulera ta ce ta matsa wa na baya, ta juya tana gyara kwalaben da ba su bukatar gyara.

Sai da aka tashi, layi ya ƙare, Zaidu ya leƙo. Ya dubi hagu da dama ya tabbatar ba kowa, ya shigo ya tura ƙofa. Ya zagaya na'urar sau biyu hannuwa a baya. Ya sunkuya ya miƙe, ya sake sunkuyawa, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe ya rufe ɗayan.

"Madam Fulera," ya ce ƙasa-ƙasa, "wai wane idon ake rufewa?"

Ta dube shi. Amsoshi da yawa sun zo mata, wasu tun daga tashar Mango suke jira. Ta ja masa kujera, ta daidaita masa hasken.

"Ba a rufe ko ɗaya, Furofesa. Duka biyun ake buɗewa."